Babi na Shida: Na Ɗaya a Aji, Na Bakwai a Gida

Makaranta da maki take jera yara, gida kuwa da haihuwa. Yaron da ya saba ganin sunansa a saman takardar sakamako, ranar da aka ba da hutu ya sauka a tashar Wudil da akwatinsa, yana shiga zaure ya koma matsayinsa na asali: ɗa na bakwai a wajen mahaifinsa, ƙanin su wane, wanda ake aike sayen magi da gawayi, wanda in manya suna magana nasa ido. Duk ɗan makarantar kwana ya san wannan sauyi. Amma babu mai jin zafinsa kamar yaron da Allah ya ba kaifin ƙwaƙwalwa fiye da sa'o'insa, kuma babu lokacin da abin yake fitowa fili kamar kwanakin Sallah, sa'ad da dangi na kusa da na nesa suke cika gida, kowa da idonsa, kowa da bakinsa.

Irin waɗannan yara ba baƙi ba ne a ƙasar Kano, hukuma ma ta daɗe da sanin da zamansu. Tun 1977 jihar ta kafa makarantun kimiyya na musamman a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana tace ɗalibai da jarrabawa kafin a ɗauke su, daga baya aka buɗe ta 'yan mata a Taura, wadda yanzu take cikin Jigawa. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi dogon nazari a kan wannan tsari. Gwamnatin tarayya ta buɗe makarantar masu hazaƙa a Suleja zamanin mulkin Babangida, Jigawa ita ma ta gina tata a Bamaina. Wudil kanta tun 2001 take da jami'ar kimiyya da fasaha, wadda aka mayar wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, ga kuma makarantar horar da manyan 'yan sanda. Shi ya sa a aji guda na firamare za ka iske ɗan farfesa da ɗan dillalin shanu da ɗan masunci, kuma ba kullum ɗan farfesan ne yake gaba ba. Sai dai duk wannan tanadi a bakin ƙofar makaranta yake tsayawa. Da an buga ƙararrawar hutu, yaro ya koma hannun uwa da uba, waɗanda ba wanda ya taɓa zaunar da su ya ce musu ga yadda za su yi da shi.

Hutun kuma ba kaɗan ba ne. Akwai na tsakanin zango, akwai dogon hutu da yake faɗowa tsakiyar damina, ga na Sallah biyu. Da yake shekarar Hijira kwana 354 ce, Sallah tana matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara, don haka ba ta da mazauni guda a kalandar makaranta. A 2024 an yi Ƙaramar Sallah ranar 10 ga Afrilu, Babba ranar 16 ga Yuni. A 2025 kuwa 30 ga Maris da 6 ga Yuni. Wato a waɗannan shekaru biyu Sallah biyun sun saka lokacin JAMB da yawancin na WAEC a tsakiya, NECO kuma tana biye. Ɗan ajin ƙarshe da ya ƙwallafa rai a kan karatun likita sai ya tsinci kansa tsakanin littafin kemistiri da gwaggon da take cewa, "Haba, Sallah guda! Ajiye takardar nan ka zo ka gaida mutane." Duk su biyun suna da gaskiya, abin da ya sa rigimar take da wuyar rabawa ke nan.

Kafin a kai ga abin yi, akwai magana guda da ya kamata iyaye su riƙe. Ƙwaƙwalwar yaro tana iya yin gaba ta bar sauran jikinsa da zuciyarsa a baya. Ɗan shekara tara yana iya lissafin ɗan shekara goma sha huɗu, amma in aka hana shi tsokar da ya sa wa ido, kukan ɗan shekara tara zai yi. Wata masaniya a Amurka, Leta Hollingworth, wadda ta bi diddigin yara masu tsananin basira a birnin Niyok, aka buga littafinta a kansu a 1942 bayan rasuwarta, ta lura cewa matsalarsu mafi girma ba karatu ba ce, samun abokin hira ce: sa'o'insu ba sa gane maganarsu, manya kuma ba sa ɗaukar su a bakin komai. A 1991 wasu masana da iyaye suka haɗu a Kolumbus ta jihar Ohayo suka ce wannan rashin tafiya tare na hankali da shekaru shi ne ma ainihin abin da ya bambanta ɗan baiwa da sauran yara. A gidajenmu kuwa jimla ɗaya ake yanke masa hukunci da ita: "Kai da ake cewa kana da ilimi, shi ne za ka yi wannan shirmen?" Ilimin nasa ne, shirmen ma nasa ne, kowanne da shekarunsa.

Abu na farko da yake faruwa ranar Sallah shi ne baje koli. Bayan la'asar, an ci tuwo an sha lemo, zaure ya cika. Baffa ya zo daga Kano, Kawu ya zo daga Kaduna da motarsa. Sai maigida ya leƙa tsakar gida ya kira yaron. "Zo ka ja wa Baffanka Suratul Kahfi." Ya durƙusa ya ja. "To, arba'in da bakwai sau ashirin da uku nawa ne?" Ya ɗan ɗaga kai sama, ya ce dubu ɗaya da tamanin da ɗaya. Kawu ya ciro waya ya danna, ya ce wallahi haka ne. Aka yi ta kabbara, aka ciro sababbin kuɗi, goron Sallarsa ya ninka na kowa. A bakin ƙofa kuwa yayansa ne a tsaye da tiren kofuna, wanda tun asuba shi ya share ƙofar gida, shi ya yi shimfiɗa, shi ya kai wa maƙwabta abinci, kuma ba wanda ya tambaye shi ko ajinsa nawa.

Uban bai yi da mugun nufi ba, murna ce ta yi masa yawa. Amma a wannan zama guda an yi ɓarna uku. Yayan ya koyi cewa aikinsa ba ya lissafi, kuma ƙanin ne zai biya bashin da dare a ɗakin samari. Yaron ya koyi cewa darajarsa a gida tana rataye ne da amsa daidai, don haka daga yau kuskure a gaban mutane ya zama abin tsoro. Karatun Alƙur'ani kuma an mai da shi abin tara kuɗi, wanda kowane malamin Islamiyya zai ce maka ƙofar riya ce.

Ɓarna ta biyun an gwada ta a aikace. A 1998 Claudia Mueller da Carol Dweck, a Jami'ar Kolumbiya, suka ba 'yan aji biyar na firamare wasu tambayoyi, bayan sun gama aka yaba wa wasu da cewa suna da ƙwaƙwalwa, wasu kuma aka yaba musu da cewa sun yi ƙoƙari. Da aka ba su zaɓi, waɗanda aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi karkata ga aiki mai sauƙi don kada su ji kunya. Da aka ba su mai wuya suka faɗi, su ne suka fi saurin karaya, da yawansu ma suka ƙara wa makinsu gishiri da aka ce su ba wasu yara labari. Kakanninmu ba su karanta wannan ba, amma ba su yarda a baje yaro a gaban taro ba. In baƙo ya fara zuzuta jika, tsohuwa takan tare shi: "Ka ce Tubarkalla, kada ka sa masa baki." Tsoron kambun baka ne ya sa su haka, ga kuma kunyar ɗan fari da take hana uwa ko kiran sunansa, balle ta yabe shi a bainar jama'a. Ko me mutum ya ɗauka game da baki, sakamakon dai kariya ne ga yaro. Inda al'adar take wuce gona da iri shi ne in ɓoyewar ta zama shiru har a cikin ɗaki, yaro ya girma bai taɓa jin uban ya ce masa madalla ba. Yabon gwani ya zama dole, amma wurinsa ɗaki ne, kuma a kan aikin da ya yi: "Na ga yadda ka dage a kan lissafin nan har ya fita." In baƙo ya matsa sai an kira masa yaron da ake ba da labari, a kira su duka, a faɗi abin da kowa ya iya, har da wanda ya gyara famfon gidan.

Wannan na ƙarshen ba lallashi ba ne kawai. Lewis Terman, wanda ya fara bin rayuwar yara masu basira kusan 1,500 a Kalifoniya tun 1921, gwajinsa ya zubar da yara biyu, William Shockley da Luis Alvarez, a kan makinsu bai kai ba. Su biyun daga baya suka ci kyautar Nobel a fannin kimiyyar fiziks, cikin zaɓaɓɓun nasa kuwa ba wanda ya ci. Wanda yake kwance rediyon gida yana shan faɗa, ko wadda take kallon ɗinki sau ɗaya ta kwaikwaya, takardar sakamako ba ta da gurbin rubuta su.

Abu na biyu kishiyar na farko ne, kuma ya fi shi haddasa duka. Hira ta kai ga kogin Wudil, Kawu ya ce ai ruwan nan na ƙarƙashin gada can yake gangarawa ya haɗu da Kwara har teku. Sai aka ji murya daga gefen tabarma: "A'a Kawu, ba haka ba ne. Tafkin Chadi yake nufa." Zaure ya yi tsit. Wani ya ce, "Yaron nan akwai tsaurin ido." Wani ya ce boko ne. Uban ya harare shi, harara mai nufin za mu haɗu.

Yaron kuwa shi ne da gaskiya. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin Wudil, ruwan ya wuce Haɗeja, ya bazu a fadamun Nguru, abin da ya saura ya bi Yobe zuwa Chadi. Bai taɓa ganin teku ba. In aka doke shi, darasin da zai ɗauka shi ne faɗin gaskiya laifi ne, kuma ɗayan biyu zai faru: ko ya koma miskili mai raina mutane a zuci, ko ya daina tunani a gida gaba ɗaya. In kuma aka ƙyale shi, zai girma yana sara kan gaɓa ba tare da duba fuskar kowa ba, kuma Bahaushe ba ya yafe wa mai irin wannan hali komai iliminsa. Abin da bai iya ba shi ne salo, salon kuwa muna da shi tun tuni a zauren malamai. Ɗalibi in ya ji malam ya yi tuntuɓe a ƙira'a ba ya cewa ka yi kuskure. Yakan sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, a nawa littafin kamar kaza na gani." An gyara karatu, malam bai zubar da girma ba. Wannan shi za a koya wa yaro tun kafin baƙi su iso, a yi masa bita kamar yadda ake bitar hadda: "Kawu, ni kuwa a taswirarmu na ga kamar Chadi ya nufa, ko su ne suka yi kuskure?" Zai ce ai wannan munafunci ne, don irinsu ba sa son kwana-kwana. A ce masa a'a, gaskiyar ba ta canza ba, hanyar da za ta shiga kunne aka gyara. A kuma gaya masa ba kowane kuskure ne yake bukatar gyara ranar Sallah ba. Wanda zai cutar da wani, kamar maganar magani, a faɗa nan take. Na inda kogi ya nufa yana iya jira har baƙi su tafi.

Al'ada ma ta bar masa inda zai huce. Tsakanin jika da kaka akwai wasa, tsakanin taubasai ma haka. Yaron da ba shi da ikon musa wa baffansa yana da cikakken lasisin tsokanar kakarsa, ta ce masa mijin banza mai rowa, ya mayar mata da wadda ta fi ta, a yi dariya. Ɗan baiwa yakan sami abokiyar hirar da ya rasa a wajen tsohuwar da take da lokaci, take da labarin yunwa da na zuwan fara da na yadda ake haye kogi a da, kuma ba ta gajiya da tambaya. Iyaye masu dabara sukan tura shi can da gangan, har da takarda da biro, ya rubuto asalin gidan: wa ya haifi wa, daga ina aka taso, wane ne ya fara zama a unguwar. Na fi ganin amfanin wannan a kan lesin goma.

Akwai kuma gajiyar taro. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Folan, Kazimierz Dabrowski, ya yi bayanin mutanen da komai yake shigarsu da ƙarfi fiye da saura: ƙara, wari, taɓi, tausayi, tunani. Masana suna ta muhawara a kan ko wannan ya fi yawa a cikin masu basira, amma uwar da take da irin wannan ɗa ba ta bukatar a gama muhawarar. Ta san sabuwar shadda mai ƙarfi tana cizon wuyansa, hula tana sa masa ciwon kai, ƙarar kalangu da bindigogin hawa suna sa shi toshe kunne, kuma bayan gida na biyar a yawon Sallah zai fara neman rigima da kowa. Sai a ce ba ya son mutane. Maganin mai sauƙi ne: a wanke shaddar kafin ranar, a yi yarjejeniya tun daren jajibere cewa gidajen kakanni da na baffanni dole ne, sauran zaɓinsa ne, kuma bayan azahar yana da sa'a guda da zai shige ɗaki ba mai kiransa. Kada dai a sallame shi gaba ɗaya. Zumunci a ƙafa yake, kuma wanda aka ɗauke wa gaishe-gaishe saboda yana karatu, an koya masa cewa ya fi dangi.

Babbar Sallah tana da nata. Ragon da aka ɗaure a tsakar gida mako biyu, yaron ne yake ba shi harawa da dusa, har suna ya sa masa. Ranar yanka sai a neme shi a rasa, ko a same shi bayan ɗaki yana hawaye, yayye suna yi masa dariya wai matsoraci. Kada a tilasta masa kallo. A zaunar da shi tun kafin ranar a ba shi tarihin Annabi Ibrahim da ma'anar layya, a nuna masa cewa tausayinsa yana cikin addinin: an umarci a wasa wuƙa sosai, a sauƙaƙa wa dabba, ba a yanka wata a gaban wata. A ba shi aikin kai naman sadaka gidajen da ba su yi yanka ba. Wani yaron kuma akasin haka ne, sai an janye shi daga gindin mahauci. To, shi wannan ya sami ajin da babu irinsa a makaranta. A bar shi ya tsuguna. Ya ga rago ba shi da haƙoran gaba a sama sai dasashi mai tauri. Ya ga cikinsa kashi huɗu ne, tumbi babba cike da ciyawar jiya, na kusa da shi kuma bangonsa kamar saƙar zuma, ya gane dalilin tuƙa. A hura huhu ya ga ya kumbura ya yi ja-ja-ja. A tsaga zuciya ya ƙirga ɗakunanta huɗu da yatsa. A nuna masa matsarmama a jikin hanta da dalilin da ya sa ake cire ta a hankali. Mahaucin da ake ganin bai yi boko ba zai amsa masa fiye da rabin tambayoyinsa, wannan ma darasi ne da yake bukata.

Yarinya mai baiwa kuwa matsalarta ta fi ta namiji shiru, shi ya sa ba a cika ganinta ba. Shi ana baje shi a zaure, ita tana madafa. Daga jajibere zuwa kwana uku, yankan albasa, suyar nama, wanke-wanke, goyon ƙanne, sannan tambayar da kowace gwaggo take yi da dariya: "To 'yar boko, yaushe za mu sha biki?" Aikin gida ba laifi ba ne, ta yi nata kason. Laifin shi ne a ce kasonta duka ne, na ɗan'uwanta babu, don shi yana karatu, alhali ita ce take gaba da shi a maki. Yarinya mai kaifin hankali ta fi kowa saurin gane abin da ake so a wajenta, kuma in ta fahimci cewa shiru ne yake jawo mata yabo, za ta iya shirun fiye da kowa. Kalma ɗaya daga bakin uba a gaban gwaggonni, "Ku bar min ita, wannan likitar gidan ce in Allah ya yarda," tana rufe wannan hira na shekara guda.

Sai dogon hutu, wanda matsalarsa ba cunkoso ba ce, zaman banza ne. Abin da yawancin masu hali suke yi shi ne su tura yaro lesin. Ga wanda yake baya a karatu wannan yana da amfani. Ga ɗan baiwa kuwa sau da yawa azaba ce: a maimaita masa abin da ya riga ya sani, ko a koya masa darasin zango mai zuwa, ya koma aji ya zauna wata uku yana hamma. Abin da yake bukata shi ne tambaya ta gaske guda ɗaya da babu amsarta a bayan littafi, da babban mutum guda da zai ɗauke shi da muhimmanci. Wudil kuwa ba ta rasa ko ɗaya ba.

Ga kara nan kowace Juma'a, ɗaya daga manyan kasuwannin shanu na Arewa, tireloli suna lodi zuwa Kudu. A haɗa yaro da wani amintaccen dillali, ya tafi da safe da ɗan littafinsa. Ya koyi bambanta Bunaji fari da Rahaji ja mai dogon ƙaho da Bokolo, ya san Balami da Uda mai launi biyu da ɗan ƙasa. Ya ga yadda ake buɗe bakin dabba a karanta shekarunta a haƙori, yadda ake taya, yadda ake sallamawa, nawa ne la'ada kuma wa yake biya. Ya riƙa rubuta farashin rago matsakaici mako-mako, ya zana shi a takarda, ya ga yadda yake hawa in layya ta gabato da yadda yake faɗuwa bayanta, sannan ya nemo dalili. Wannan shi ne ilimin tattalin arziki da ake karantarwa a jami'ar da take cikin garin, sai dai shi ya fara daga ƙasa, takalminsa duk kashin shanu.

Ga kuma kogi. Me ya sa yake cika a Agusta ya janye da rani? Me madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka yi wa masunta da manoman fadama na can ƙasa, kuma me ya sa kachala ta toshe hanyoyin ruwa a yankin Haɗeja? Tsofaffin masunta suna da amsa, masu haƙar yashi suna da tasu, malaman jami'a ma haka, kuma ba lallai su yi daidai ba, nan daɗin yake. Sharaɗi guda ne ba sassauci: ba zuwa bakin ruwa sai da babba, musamman da damina. Wayon lissafi ba ya hana nutsewa, irin waɗannan yara ma sun fi saurin yarda da kansu. In kogi da kara ba su ja shi ba, akwai maƙera, akwai masu gyaran waya da injin ban-ruwa, akwai gonar gidan kanta. In an sami kuɗin mota, tafiyar kilomita arba'in ce zuwa Gidan Makama ko ɗakin karatu na Murtala Muhammad a Kano. Duk wannan bai kai kuɗin lesin na wata guda ba.

Masu hadda su ma hutu ne lokacin da ake ɗora musu kaya, musamman in an hango musabaƙa, wadda tun 1986 Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo take shirya ta ƙasa. Buri ne mai kyau. Amma makarantar allo da ta fitar da gwanaye da alarammomi tana da hutun Alhamis da Juma'a tun kaka da kakanni. Wanda ya hana ɗan shekara goma wasan ƙwallo da langa wata biyu cur don ya ƙara izu biyar, ya zarce malaman tsangaya tsanani, kuma yakan girbi yaron da ya haddace yana jin haushin allon.

Waya ba sai an ja magana ba. Tana da amfani in tambaya ce ta kai shi, tana da illa in rashin abin yi ne. A sa mata lokaci, a karɓe ta da dare, domin yawancin abin da ake kira taurin kai a hutu rashin barci ne.

Akwai inda maganar baiwa take ƙarewa. Son kaɗaici na sa'a guda ba ciwo ba ne, yawan tambaya ba aljanu ba ne, kukan rago ba rauni ba ne. Amma in yaro ya daina cin abinci, ko barci ya ƙaurace masa kwana da kwanaki, ko ya yi watsi da abin da ya fi so, ko ya fara maganar mutuwa da cewa gara ba shi, ko hutu ya zo ƙarshe yana rawar jiki don tsoron kada wani ya ƙwace masa na ɗaya, to kada a ce ai masu ƙwaƙwalwa haka suke. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti. Ana iya farawa da babban asibitin Wudil, in da bukata a tura shi sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano. Wanda zai raka shi ya zama wanda yaron yake sakin jiki da shi, ko da kakarsa ce, kuma in likita ya nemi ganawa da yaron shi kaɗai, a fita a ba su wuri.